Gaskiya da kishin ƙasa a fim ɗin yaƙi: mahangar masu kallo a Zamfara

Fim ɗin yaƙi shi ne wanda aka gina labarinsa a kan karawar runduna da runduna, ko runduna da 'yan tawaye. Yana cikin nau'o'in da suka fi jan samari da magidanta a Gusau, Ƙauran Namoda, Talatar Mafara da sauran garuruwan Zamfara. Gardamar da ke biyo bayan kallonsa, a majalisa ko a teburin mai shayi, takan tsaya a kan tambayoyi biyu: haka yaƙi yake da gaske? Kuma kishin wa ake so mu yi?

Asali

Hoton yaƙi ya fara shigowa ƙasar Hausa ne ta hanyar majigi. A 1939 Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, motoci suka riƙa zagaya garuruwa suna haska labaran yaƙin Hitila don jama'a su goyi bayan Turawa. A daidai lokacin ake ɗibar samari zuwa ƙasar Bama (Burma) a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda Hausa ce harshen bariki ga sojan Najeriya. Da suka dawo, sai ya zama a cikin masu kallo akwai wanda ya ga abin da idonsa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙara yawan 'yan mazan jiya, musamman a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi mai maƙwabtaka, wadda ta yi suna wajen aikin soja. Daga baya kallo ya koma kaset, ya koma faifai, yanzu kuma yana cikin memori, ana tura shi a waya a bakin kasuwa.

Ma'aunin gaskiya

Mai kallo a nan ba ya ɗaukar kowace ƙarya daidai da 'yar'uwarta. Akwai ƙarin gishirin da aka yafe tun kafin a kunna fim: jarumi ba ya mutuwa, sai bos, bindigarsa ba ta ƙarewa da harsashi, alhali kowa ya san gidan harsashin AK-47 guda 30 yake ci, gurneti ɗaya ya tashi da wuta kamar tankar mai ta kama. Wannan ana kallonsa ne kamar kirari. Wanda ya tashi yana jin kirarin 'yan dambe da 'yan tauri ya san ba a tambayar maroƙi hujja idan ya kira mutum giwa. A yi sowa, a ce “ai fim ne”, a wuce.

Ƙaryar da ba a yafewa ita ce wadda ta shafi waɗanda yaƙi ya ci. Nan ne Zamfara ta bambanta da wuraren da ba su san yaƙi ba sai a allo. Fiye da shekara 10 ke nan 'yan bindiga suna addabar jihar. A Yulin 2016 aka ƙaddamar da farmakin soja na Harbin Kunama a dajin Ɗansadau, daga baya aka yi Hadarin Daji, a Fabrairun 2021 aka sace 'yan matan makarantar Jangebe, a Satumban shekarar kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar. Mutumin da ya kwana cikin dawa da goyo a kafaɗa ba ya buƙatar darakta ya koya masa ƙarar harbi. Abin da yake dubawa daban ne: ina matan da ke gudu da tabarmi da tukwane? Ina rumbun da aka ƙone, ina shanun huɗa da aka kora? Wa ya yi wa gawawwakin sutura? Fim ɗin da ya ƙare da faretin nasara, bai nuna wanda ya koma kangon gidansa ba, shi ne za ka ji dattijo ya girgiza kai ya ce “wagga ƙarya ta”. A ganina wannan ma'auni ya fi na masu ƙirga maɓallan kaki da samfurin tankoki kaifi, domin shi ne ke kama fim ɗin da ya gyara komai na zahiri amma ya ɓoye mutane.

Black Hawk Down na 2001 misali ne da ya dace da wannan. Ya ba da labarin faɗan Mogadishu na ranakun 3 da 4 ga Oktoban 1993, kuma ta fuskar ƙura da ruɗani da jini ya yi kama da gaske, har sojan Amurka ta ba da aron jirage masu saukar ungulu don ɗaukarsa. Amma sojojin Amurka 18 da suka mutu kusan kowanne an san sunansa da fuskarsa, ɗaruruwan 'yan Somaliya kuwa suna zubewa kamar kara, ba suna ba dangi. A Maroko ma aka ɗauke shi. Mai kallon da ya saba jin an ce “an kashe mutum kaza a ƙauye kaza” ba tare da an ambaci sunan ko ɗaya ba, ba ya rasa gane ɓangaren da ya fi kama da shi a allon.

Kishin wa?

Kalmar “ƙasa” a Hausa tana ɗauke da Najeriya, tana ɗauke da ƙasar Zamfara ko ta Anka, tana kuma ɗauke da turɓayar gonar gado. Saboda haka kishin ƙasa a kunnen manomi ba ya tsayawa a tuta da take. Ya haɗa da kare gona, iyali da addini. Wannan ne ya sa fim ɗin yaƙin da ya fi shiga zuciya a yankin ba na Najeriya ba ne. Lion of the Desert, wanda Hausawa ke kira da sunan jaruminsa, Umar Mukhtar, ya fito a 1981. Mustafa Akkad ɗan asalin Siriya ne ya shirya shi, gwamnatin Gaddafi ta zuba kuɗin. Labarin malamin allo ne na ɗariƙar Sanusiyya da ya shafe kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya, har aka rataye shi ranar 16 ga Satumban 1931. Jarumin tsoho ne, kuma ya mutu a ƙarshe, wato ya karya ƙa'idar da masu kallo suka saba da ita, amma ba a jin mai ƙorafi. An ga sansanonin da aka tsare mata da yara, an ga mayaƙa suna ɗaure ƙafafunsu don kada su gudu. Italiya ta hana haska shi, bai fita a talabijin ɗinta ba sai 2009. Masu lura sukan tuna cewa shi ma da manufa aka yi shi, tunda mai kuɗin yana neman suna ne. Sai dai kishinsa ya biyo ta kan talakawan da aka zalunta, shi ya sa aka karɓa.

Na Indiya lamarinsu ya fi sarƙaƙiya. Border na 1997 ya ɗauko faɗan Longewala na Disamban 1971, inda sojojin Indiya kimanin 120 suka riƙe sansaninsu a gaban tankokin Pakistan. A tarihi mutum 2 Indiya ta rasa a wannan faɗa, a fim kuwa an kashe mafi yawan jaruman don a tsinka zuciyar mai kallo. Bahaushe yakan yi ƙwalla a wurin da wasiƙun gida suka iso wa sojoji, domin kewar uwa da mata ba ta da ƙabila. Can kuma sai wani ya tuna masa cewa waɗanda ake karkashewa Musulmi ne, majalisa ta rabu biyu: masu cewa jarumta jarumta ce ko ta wa, da masu cewa an ari hawayenmu don farfagandar wasu.

Inda ba a rabuwa shi ne Tears of the Sun na 2003, wanda aka ce a Najeriya labarinsa ya faru alhali a Hawai aka ɗauka. Ya ƙirƙiro juyin mulkin da Fulani Musulmi ke yi wa Kiristoci kisan gilla, sojan Amurka ya zo ceto. Ko waɗanda ke son harbe-harbensa ba su kare labarin.

Na gida

Shirya fim ɗin yaƙi na buƙatar kuɗi da kaki da makamai da izinin hukuma, shi ya sa ya yi ƙaranci a Kannywood. A 2021 an fitar da Eagle Wings, fim ɗin Nollywood, da haɗin gwiwar rundunar sojin saman Najeriya, kan matuƙan jiragen da ke yaƙar 'yan ta'adda. Irin wannan fim yana samun masu sauraro biyu a Zamfara. Akwai iyalan sojoji da mutanen garuruwan da rugugin jirgi ya taɓa korar musu mahara. Su suna ganin an daɗe ba a yaba wa yaran da ke mutuwa a daji ba, kuma suna da gaskiya. Akwai kuma waɗanda ke tuna harin Janairun 2025 a yankin Zurmi da Maradun, inda jirgi ya faɗa wa 'yan sa-kai da mutanen gari, rundunar ta ce za ta bincika. Su ba ƙin soja suke yi ba. So suke fim ɗin da zai yabi matuƙi ya kuma nuna jana'izar da ta biyo bayan kuskure.

Tasirin fassara

Yawancin finafinan Indiya da ake kallo yanzu fassararru ne, daga ɗakunan fassara na Kano irin su Algaita. Mai fassara ba ya tsayawa kan kalmomin asali. Yakan sa wa kwamandan Indiya karin magana da barkwancin Hausa, wani lokaci har da kirari. Ta haka jawabin da aka rubuta don tayar da tsimin mutumin Delhi yakan iso Gusau da muryar sarkin yaƙi, yaro ya haddace shi yana maimaitawa a layi, bai ma san da wace ƙasa ake faɗan ba.