Waiwaye: Asalin rikicin zubin CUDA da yadda ya iso mu a Sakkwato

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan sa fankar kwamfuta ta riƙa kuka kamar injin markaɗe, wani ɗalibi ya kawo mini kwamfutarsa ta cinya. Aikin kammala digirinsa shi ne horar da manhajar da za ta gane cutar ganyen albasa daga hoto. Kwana uku yana abu ɗaya. "Malam," ya ce, "injin shina ganin katin, amma PyTorch ba ya ganinai." PyTorch ita ce manhajar da yake horarwar da ita. Ya buga torch.cuda.is_available() a gabana, umarnin da ke tambayar ko tana ganin katin, amsa ta fito False, wato a'a. Katin GPU ɗin, wato katin da ke sarrafa hoto da lissafi mai yawa cikin sauri, lafiya lau yake. Abin da ya kama yaron nan tsohon ciwo ne, ya girmi shigarsa sakandare.

Da can don wasannin bidiyo aka yi katin GPU. Mai bincike da ke son ya ci moriyar saurinsa sai ya yi wa lissafinsa shigar burtu, ya mai da shi kamar zane, kafin katin ya karɓa. A 2007 kamfanin NVIDIA ya saki CUDA 1.0, wanda ya ba mutum damar rubuta wa katin umarni kai tsaye. A 2012 kuma Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da katin GTX 580 guda biyu kacal. Daga nan kowa ya yo caa. NVIDIA ya fito da laburaren cuDNN, tarin shiryayyun umarni na hanzarta irin wannan horarwa, a 2014, Google ya saki manhajar horarwa ta TensorFlow a Nuwamban 2015, PyTorch na Facebook ya biyo baya.

A nan gizo ke saƙar. Abin ya zama hawa huɗu: direban katin (manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta) a ƙasa, CUDA a kansa, cuDNN a kan CUDA, sai TensorFlow ko PyTorch can sama. Na saman ba hannu ɗaya ya yi su da na ƙasan ba, kuma kowane da lokacin da yake sakin sabon zubi, wato version. Kowace ƙwarya dai da abokiyar burminta. TensorFlow 1.15 CUDA 10.0 yake nema. Ka ba shi 10.1, wai don ya fi sabunta, sai ya ce bai ga fayil ɗin cudart64_100.dll ba. TensorFlow 2.4 ya koma CUDA 11.0 da cuDNN 8.0, daga 2.5 kuma sai 11.2 da 8.1. Shi cuDNN a wancan zamani sai ka yi rajista, ka sauke shi a ƙunshe, ka kwashe fayilolin da hannunka zuwa foldojin bin da include da lib. Kuskure ɗaya, aiki ya ɓaci. Mafi ciwo ma, sau da yawa manhajar ba ta tsayawa: ta rubuta gargaɗi layi ɗaya, ta bar katin ta koma kan CPU, ainihin ƙwaƙwalwar kwamfutar, shiru, aikin awa ɗaya ya kwana yana tafiya.

Akwai kuma tarkon da har yau yake kama mutane. Umarnin nvidia-smi yana nuna lambar CUDA a saman allo ta dama, mutum ya ɗauka abin da ya girka ke nan. Ba haka ba ne. Wannan lambar iyakar abin da direban zai iya ɗauka ce. Wanda aka girka, umarnin nvcc ne ke faɗinsa. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda a kan wannan, ba sai na faɗi shekarar ba.

Sabon kati ma da nasa rigimar. Da katunan RTX 30 suka fito a 2020, tsohon CUDA 10 bai san su ba, sai duk mai tsohon aiki a kan TensorFlow 1.15 ya tsinci kansa da kati mai tsada da ba ya yi masa komai. An maimaita irin haka a 2025 da RTX 50, masu neman CUDA 12.8.

Magani ya zo kashi-kashi. Manhajar Conda ta ba kowane aiki ɗakinsa, wato keɓantaccen wuri a kwamfuta, da nasa zubin CUDA. Manhajar Docker ta naɗe komai a akwati ɗaya, direba kawai ta bari a waje. Masu PyTorch suka zaɓi hanyar da a ganina ta fi kowace hankali: suka cusa CUDA da cuDNN a cikin kunshinsu, shi ya sa ake ganin alamar zubin CUDA irin su cu118 ko cu121 a jikin sunan. TensorFlow kuwa bayan 2.10 na 2022 ya daina aiki da GPU kai tsaye a Windows, sai ta WSL2, wato Linux a cikin Windows.

Sai dai sauƙin nan a kan data aka biya shi. Kunshin PyTorch mai CUDA ya haura gigabait 2. Wanda ke Toronto ba zai ji a jikinsa ba. Ɗalibin da ke Dundaye ko Mabera, mai jiran garaɓasar datar dare, yana kuma addu'ar kada a ɗauke wuta, gwaji ɗaya da bai yi ba kuɗin abincin kwana biyu ne. Dalili ke nan da yawancin ɗalibanmu suka koma Google Colab, shafin da ake aiki da kwamfutocin Google ta intanet, inda komai a haɗe yake, ko da yake yakan katse ka ana tsakar aiki.

Shi yaron nawa, tsohon bayani na zamanin TensorFlow 1 ya bi. Ya ƙona datarsa wajen sauke CUDA da cuDNN da ba ya bukata, sannan ya buga pip install torch tsurarsa, wanda a Windows zubin CPU yake kawowa. Na ce masa, "Ɗan nan, je ka shafin PyTorch, ka zaɓi zubin da bai wuce lambar direbanka ba, ka buɗe sabon ɗaki, ka kwafi umarnin yadda yake." Ƙarfe 2 na dare ya sauke. Bayan sallar asuba ya turo mini hoton allo, kalma ɗaya a jiki: True. A ƙasa ya rubuta, "Malam, yanzu kuma fanka ce ba ta yin shiru."