Waken da Turai ta ƙi: waiwaye kan ƙa'idojin abinci a cinikin duniya

Ranar Asabar na raka goggona Kasuwar Katako ta Jos, wajen 'yan hatsi, za ta sayi waken ƙosan da take soyawa kullum da safe a bakin layinsu. Ta tsaya gaban wani buhu: wake fari sol, ƙwaya manya-manya, babu huji ko ɗaya. Ta damƙo, ta kai hanci, ta mayar. Sai ta matsa gaba wajen wani buhun da ƙwari ke ɗan kai-komo a samansa, ta ce a auna mata mudu biyar. Mai buhun farko ya ce, "Haba Hajiya, ga mai kyau ki tsallake ki ɗauki mai ƙwari?" Ta ce, "Alhaji, abin da ƙwaro ya ƙi ci, ni ma tsoronsa nake ji."

Hukuncin da goggo ta yanke da hanci, shi Tarayyar Turai ta yanke da na'ura a watan Yunin 2015, lokacin da ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya kasuwanninta. Abin da aka yi ta samu a cikinsa shi ne sinadarin DDVP, wato dai fiya-fiya, wanda wasu ke yayyafawa don kada wake ya huje a ajiya. Iyakar da Turai ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. Waken da aka gwada kuwa ya kama daga 0.03 har zuwa 4.6, ninki 460 ke nan a mafi muninsa. Da farko an ce dakatarwar ta shekara guda ce. Da shekarar ta cika aka ƙara uku, daga baya aka sake ƙarawa.

Duk sanda zancen ya taso a majalisar 'yan kasuwa, baki kan rabu biyu. Wasu su ce kariyar kasuwa ce kawai, Bature ba ya son kayanmu. Wasu su ce mu muka ja wa kanmu. Gardamar ta girmi waken 2015 nesa ba kusa ba, kuma wani yanki na tarihinta yana nan kusa da mu, a Vom.

A 1920 wasu shanu da aka ɗauko daga Indiya za a kai Barazil suka yada zango a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, suka bar wa Beljiyam cutar bushiya. Firgitar da aka yi ce ta sa ƙasashe 28 suka kafa ofishin kula da cututtukan dabbobi na duniya a Faris, a 1924. A shekarar ce kuma Turawan mulki suka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom, shi ma saboda bushiya, don akwai jangali da fatu da ƙiraga da za a kare. Tun daga nan aka gane cewa jirgin da ya ɗauko haja yakan ɗauko cuta. Shi ya sa da ƙasashe 23 suka sa hannu a yarjejeniyar GATT a Janeba a 1947 don rage kuɗin fito, suka bar wata ƙofa a sashe na 20: kowace ƙasa na da ikon tare kaya don kare ran mutum, dabba ko tsiro, muddin ba fakewa ta yi da guzuma don ta harbi karsana ba. Najeriya ta shiga yarjejeniyar a 1960.

A wannan shekarar ta 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Barazil, wadda wata irin funfuna ta kama. Gubar da funfunar ke fitarwa aka raɗa wa suna afulatoksin, daga baya kuma aka tabbatar tana haddasa sankarar hanta. Lokacin dalar gyaɗa tana tsaye a Kano, Najeriya na sahun gaba a masu fitar da gyaɗa a duniya. Ba wannan guba ce ta rushe dalar ba. Farin farkon shekarun 1970, annobar cutar gyaɗa ta 1975 da kuɗin man fetur sun isa. Sai dai da aka waiwayo ana son komawa kasuwar, an tarar an sauya makullin ƙofa. A 1998 Turai ta tsayar da iyaka guda ga duk ƙasashenta: gyaɗar da za a ci kai tsaye kada gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Hukumar abinci ta Amurka tana kan 20. Gyaɗa ɗaya, guba ɗaya, ma'auni biyu.

Wani binciken Bankin Duniya na 2001 ya ƙiyasta cewa tsaurin Turai zai jawo wa ƙasashen Afirka asarar dala miliyan 670 a shekara, alhali rayukan da zai ceta ba su kai biyu cikin mutum biliyan ɗaya ba. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya ɗauki lissafin ya yi ta nanatawa, ya zama makamin masu cewa ƙa'ida katanga ce. Daga baya wasu masana suka ce an zuzuta adadin, matsalar noma da ajiya a gida ta fi ƙa'idar Turai nauyi. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Gyaɗar da aka tsince aka ware, wadda ba za ta shiga jirgi ba, ba zubarwa ake yi ba. Ita ce mai araha, ita ke komawa ƙuliƙuli da yajin tsire da kunun yara. A Kenya, a 2004, masarar da ta yi irin wannan funfuna ta kashe mutum 125, kuma ba masarar fitarwa ba ce, ta cin gida ce.

Da aka kafa Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, ranar 1 ga Janairun 1995, sai ƙofar nan ta sashe na 20 ta samu yarjejeniyarta sukutum. Sharaɗin a taƙaice: kafa ƙa'idarka, amma ka kawo hujjar kimiyya, kuma kada ka nuna bambanci tsakanin masu kawo kaya. Aka ɗauki hukumomi uku a matsayin ma'auni: Codex ta abinci da aka kafa a 1963, ofishin dabbobin nan na Faris, da yarjejeniyar kare tsirrai ta 1951. A takarda babu laifi. A aikace, kujerun da ake tsara ma'aunin na wanda ke da ɗakunan gwaji da kuɗin tura ƙwararru taro ne.

Manya ma sun gwabza a kai. Turai ta hana naman shanun da aka yi wa allurar saurin girma tun 1989. Amurka da Kanada suka kai ƙara, a 1998 WTO ta ce Turai ba ta kawo isasshiyar hujja ba, Amurka ta ɗora harajin ramuwa na dala miliyan 116.8 a shekara. Turai ta shanye harajin, ta ƙi buɗe ƙofa. Mai ƙarfi kan faɗi shari'a ya ci gaba da abinsa. Yanzu ma kotun ɗaukaka ƙarar ƙungiyar ta tsaya cik tun Disamban 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai, kuma haka Ngozi Okonjo-Iweala ta tarar da ita da ta zama shugabar WTO a 2021.

Sai kajin Amurka da ake wankewa da ruwan kilorin, waɗanda Turai ta hana a 1997. Su suka zama tutar masu adawa da yarjejeniyar cinikin Amurka da Turai da aka fara tattaunawa a 2013 ta mace a 2016. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, manomanta suka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a 2020, suna cewa: in kun hana mu wata hanyar kiwo saboda lafiya ko tausayin dabba, kada ku shigo mana da naman wanda ya bi ta, ya karya mana farashi. Mai gonar kaji a Jos ba ya buƙatar tafinta kafin ya fahimci wannan. Shi ke sayen masara da waken soya da tsada, shi ke biyan rigakafi, sannan daskararrun kajin sumoga, da doka ta haramta tun tuni, su shigo ta Kwatano ba wanda ya san kwanansu nawa a hanya.

Akwai kuma inda ƙa'idar ke ba mutum dariya. Dokar Turai ta 1997 ta ce duk abincin da ba a saba ci a can ba kafin shekarar, "sabon abinci" ne, sai an nemi izini. Da haka accar da kakannin kakanni suke gwate da tuwo da ita a tsaunukan Filato ta zama baƙuwa, ba ta samu izini ba sai ƙarshen 2018. Garin 'ya'yan kuka ya riga ta da shekara goma.

Muhalli shi ne ya shigo daga baya, yanzu kuma shi ke gaba. A 1998 WTO ta duba ƙarar da wasu ƙasashen Asiya suka kai Amurka kan hana jatan landen da aka kama da komar da ke halaka kunkurun teku. Ta ce Amurka ta yi son kai wajen aiwatarwa, amma ta yarda ƙasa na iya tare kaya saboda yadda aka samo su. Jikar wannan hukunci ita ce dokar Turai ta 2023 kan sare dazuzzuka: koko, kofi, roba, manja, waken soya, katako da shanu har da fatunsu, sai an nuna taswirar gonar da suka fito, a tabbatar ba a sare daji bayan 31 ga Disamban 2020 don yin ta ba. An ɗaga ranar fara aiki da dokar daga ƙarshen 2024, saboda koke ya yi yawa. A nan ne nake ganin masu cewa akwai fuska biyu suna da gaskiya. Turai ta hana maganin ciyawa na farakwat a gonakinta tun 2007, amma kamfanonin can suka ci gaba da haɗa magungunan da aka haramta a gida suna turo wa ƙasashe irin namu. Faransa ba ta hana wannan fitarwa ba sai 2022.

Mu kuma a Abuja hankalinmu ya fi karkata ga kuɗin fito da wa zai mamaye wa. Najeriya ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar cinikin Yammacin Afirka da Turai da aka kammala a 2014. Ta noƙe a Kigali a Maris na 2018 lokacin da ƙasashe 44 suka amince da kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, sai a Yulin 2019 Buhari ya sa hannu a Yamai, wata guda bayan nan kuma aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020. Ita ma yarjejeniyar Afirkar tana da nata babin lafiyar abinci da dabbobi da tsirrai, wanda ba kasafai ake jin ana zancensa ba, alhali shi zai yanke ko dankalin Bokkos da kabejin Farin Gada za su tsallaka iyaka da takardar da maƙwabta za su yarda da ita. Hukumar killace kayan gona ba ta samu dokar kafa ta ba sai 2018, shekara uku bayan an koro wake. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin fiya-fiyar nan a kasuwa, amma wanda ya zaga ya san ba su ɓace ba.

Kafin mu fita daga Katako na tambayi wani dattijo mai wake ko ya san buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaure bakinsa tam, ƙwari su mutu don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Ya ce, "Ɗana, na san shi, na ma yi aiki da shi. Yana yi. Amma kuɗinsa ya ninka na buhun gargajiya, in kuma na kawo waken kasuwa mudu ɗaya ake saye da na mai fiya-fiya. Wa zai biya ni bambancin?" Ban da amsar da zan ba shi, na ɗauki kayan goggo muka nemi Keke.

Da muka isa gida ta baza waken a tabarma cikin rana, ƙwarin suka yi ta ficewa, kaji na binsu. Da yamma ta surfa ta jiƙa. Washegari kafin ƙarfe takwas ƙosan ya ƙare.