Fim ɗin tarihin ɗan wasa

Fim ɗin tarihin ɗan wasa reshe ne na fina-finan tarihin rayuwa. Ana ɗauko mutumin da ya yi suna a dambe, kokawa, gudu ko ƙwallo, a sa jarumi ya fito a matsayinsa, a sake gina rayuwarsa a gaban kyamara. Ya sha bamban da shirin da ake haɗawa da hotunan ainihi da hira da shaidu. Ya kuma sha bamban da fim ɗin wasanni na ƙage, irin Rocky na 1976, wanda jaruminsa bai taɓa rayuwa ba. Amurka da Indiya ne suka fi shirya irinsa.

Asali

Tun farkon shekarun 1940 ake yin sa a Hollywood. The Pride of the Yankees ya fito a 1942, shekara guda bayan rasuwar Lou Gehrig, ɗan wasan ƙwallon baseball na Amurka da aka yi shi a kansa, kuma yabo ne tsantsa. Salon ya sauya a 1980 da Raging Bull na Martin Scorsese. Robert De Niro ya fito a matsayin ɗan dambe Jake LaMotta, mutum mai zafin kishi da dukan iyali, wanda ya rusa gidansa da hannunsa. De Niro ya ƙara kusan kilo 27 don ya nuna LaMotta bayan ya bar fage, ya kuma ci kyautar Oscar. Daga nan aka gane cewa ana iya nuna gwarzo da aibinsa, 'yan kallo su zauna har ƙarshe.

Matsalar sanannen sakamako

Wahalar da ke gaban duk daraktan da ya ɗauki irin wannan aiki ita ce mai kallo ya riga ya san yadda wasan ya ƙare. Wanda ya zauna kallon Ali na 2001 ya san cewa Muhammad Ali ya kayar da George Foreman a zagaye na 8 a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974. Dole a nemo fargaba a wani wuri. Daraktan fim ɗin, Michael Mann, ya nemo ta a shekaru 10 da suka gabaci wannan dare: karɓe kambi daga Sonny Liston a 1964, sauya suna da addini, ƙin shiga soja a 1967 lokacin yaƙin Biyetnam, ƙwace masa kambi da hana shi dambe, da kuma wanke shi da Kotun Ƙolin Amurka ta yi a 1971. Kafin a iso Kinshasa, mai kallo ya ga abin da mutumin ya rasa, don haka kowane naushi yana da nauyi.

Invictus na 2009 ya bi wata hanya. Wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙwallon zari-ruga a 1995, inda Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da 15 da 12 a Johannesburg, shi ne ƙarshen fim ɗin, amma zuciyarsa siyasa ce. Nelson Mandela ya shiga fili sanye da rigar ƙungiyar da baƙar fata suka daɗe suna ɗauka a matsayin tambarin mulkin wariyar launin fata.

Inda ba a samu irin wannan nauyi a tarihin ba, sai a ƙara gishiri, kuma a nan ne masu kallo suka fi yin gardama.

Ƙarin gishiri

Dangal na 2016 shi ne misalin da ya fi fitowa fili. Aamir Khan ya fito a matsayin Mahavir Singh Phogat, tsohon ɗan kokawa a jihar Haryana ta Indiya, wanda ya horar da 'ya'yansa mata, Geeta da Babita, a cikin al'ummar da ke ganin kokawa ta maza ce. Rabin farko na fim ɗin yana da ƙarfi ƙwarai. Ana tashin yaran da asuba su yi gudu, ana aske musu gashi suna kuka, uban ya haƙa musu fagen ƙasa a gona, suna kayar da samari a gasar ƙauye jama'a na kallo baki buɗe. Geeta ta ci lambar zinare a wasannin ƙasashe renon Ingila da aka yi a Delhi a 2010, wannan gaskiya ne. Amma fim ɗin ya nuna an kulle uban a wani ɗaki don kada ya ga wasan ƙarshe, ya kuma nuna ta ci da ƙyar a daƙiƙun ƙarshe. A zahiri Mahavir yana cikin 'yan kallo, kuma Geeta ta doke 'yar Ostareliya ba tare da ta bar mata maki ko ɗaya ba. An mai da kociyan ƙungiyar ƙasa mugu don labari ya samu abokin gaba, kuma kociyan ainihi ya fito ya nuna ɓacin ransa. Wannan ƙage bai dace ba, domin akwai mutum mai rai da iyali a bayan wancan matsayi. Duk da haka fim ɗin ya yi kasuwa mai ban mamaki, har kuɗin da ya samu a ƙasar Sin a 2017 ya zarce wanda ya samu a Indiya.

Akwai ƙagen da bai cuci kowa ba. A Chariots of Fire na 1981, Eric Liddell ya ji labarin cewa tseren mita 100 ya faɗo ranar Lahadi ne yana shirin hawa jirgin ruwa zuwa gasar Olamfik ta Faris a 1924. A gaskiya ya sani watanni kafin nan. Ƙin yin gudu a ranar ibadarsa da cin zinaren mita 400 kuwa duk sun faru.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Duk wanda ya saurari Ɗan Anace yana wasa Shago ya san makaɗi yana zaɓen abin da zai faɗa, ya bar wani. Bambancin shi ne kowa ya san kirari kirari ne, shi kuwa fim yakan buɗe da rubutun cewa labarin gaskiya ne.

Mai labari da labarinsa

Tambaya ta biyu ita ce wa ke da iko da labarin. Milkha Singh, ɗan tseren Indiya da ya zo na 4 a tseren mita 400 a gasar Olamfik ta Roma a 1960, ya karɓi rupi 1 kacal a kan Bhaag Milkha Bhaag na 2013, fim ɗin da ya tsaya sosai a kan kisan iyayensa lokacin raba Indiya da Pakistan a 1947. 'Yan wasan tanis Venus da Serena Williams suna cikin furodusoshin King Richard na 2021, wanda aka yi a kan mahaifinsu, shi ya sa wasu masu sharhi suke ganin an sassauta masa. Michael Oher kuwa, ɗan ƙwallon Amurka da aka yi The Blind Side na 2009 a kansa, ya daɗe yana cewa an nuna shi kamar mara basira. A 2023 ya garzaya kotu yana cewa iyalin da fim ɗin ya nuna sun ɗauke shi ɗa, takardar kula da al'amuransa ce kawai suka sa ya sa wa hannu. Kotu ta soke wannan tsari a shekarar.

Labaran Afirka

Queen of Katwe na 2016 ya ba da labarin Phiona Mutesi, yarinya daga unguwar talakawa ta Katwe a Kampala, wadda ta ƙware a darar Turawa. Daraktar fim ɗin, Mira Nair, ta ɗauki wani ɓangare nasa a unguwar kanta, da yaran Yuganda. Concussion na 2015 kuma a kan Dakta Bennet Omalu ne, likita haifaffen jihar Anambra da ya yi aiki a birnin Pittsburgh na Amurka. A 2002 ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon Amurka, ya gano lahanin da yawan buguwar kai ke jawowa, hukumar wasan ta yi ta ƙoƙarin ƙaryata shi. Will Smith ne ya fito a matsayinsa, kuma 'yan Najeriya da dama sun yi ƙorafin cewa karin harshen da ya yi amfani da shi bai yi kama da na Ibo ba, bai ma yi kama da na kowane yanki na ƙasar ba.