Ingancin rayuwar matasan mata baƙar fata bayan sankarar mama

Ingancin rayuwa bayan sankarar mama fanni ne na binciken lafiya da ke duba halin da mace ke ciki bayan an gama yi mata magani: ƙarfin jikinta, kwanciyar hankalinta, aurenta da haihuwarta, aikinta da aljihunta. An fi yin wannan nazari a Amurka, kuma a can ne aka lura cewa matan baƙar fata da cutar ta kama da ƙuruciya suna fita daga asibiti da kaya mafi nauyi fiye da sauran mata. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ɗaukar wadda ba ta kai shekara 45 ba a matsayin matashiya a wannan magana, kuma kusan kashi 10 cikin 100 na masu kamuwa da cutar a ƙasar suna cikin wannan rukuni.

Dalilin ware su

Alƙaluman Ƙungiyar Sankara ta Amurka sun nuna cewa matan baƙar fata ba su kai fararen fata yawan kamuwa da sankarar mama ba, ratar kashi 4 zuwa 5 cikin 100 ce, amma yawan mutuwarsu da ita ya zarce na fararen da kusan kashi 40 cikin 100. A ƙasa da shekara 40 kuwa, har a kamuwar ma baƙar fata ne a gaba.

Nau'in cutar ma ya bambanta. Akwai sankarar da ake kira mai rashi uku, domin ƙwayoyinta ba su da makamar sinadarin estrojin, ba su da ta frojestaron (su biyun sinadaran homon ne na jikin mace), ba su kuma da yawan furotin ɗin HER2. Magungunan da ke bi ta waɗannan ƙofofi uku ba sa yi mata aiki, saboda haka sai an dogara da kimoterafi mai ƙarfi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Kusan mace ɗaya cikin biyar ta baƙar fata da ta kamu irin wannan ce ke kama ta, alhali a fararen fata kusan ɗaya ce cikin goma. Binciken Sankarar Mama na Karolina, wanda aka fara a 1993, ya fitar da sakamako a 2006 cewa kashi 39 cikin 100 na matan baƙar fata masu sankarar mama da ba su daina haila ba suna da wani nau'i mai tsanani da ya yi kusa da wannan, alhali a matan da ba baƙar fata ba kashi 16 ne. Magani mai tsanani yakan bar tabo mai tsanani, kuma daga nan ne yawancin matsalolin bayan warkewa ke tasowa.

Yadda ake aunawa

Ba a gane ingancin rayuwa a gwajin jini ko hoton ƙirji. Matar ake tambaya. Ɗaya daga cikin takardun tambayoyi da aka fi amfani da su ita ce FACT-B, wadda aka wallafa a 1997, tana tambaya a kan gajiya, ciwo, barci, baƙin ciki, zama da iyali da yadda mace ke ganin jikinta. Tsarin da Betty Ferrell da abokan aikinta suka shimfiɗa a cibiyar City of Hope ya kasa lamarin gida huɗu: jiki, zuciya, zamantakewa da imani. Idan aka auna da irin waɗannan takardu, abu biyu sukan fito. Matasa sun fi tsofaffi shan wahalar zuciya da ta zamantakewa, sannan matan baƙar fata sukan samu maki ƙasa a ɓangaren jiki da iya hidimar yau da kullum, amma su samu maki sama a ɓangaren imani.

Abin da magani ke bari a jiki

Idan aka cire kaluluwar hammata a lokacin tiyata, ruwan jiki kan taru a hannu ya kumbura shi, abin da likitoci ke kira limfedima. Zobe ya ƙi shiga, hannun riga ya matse, ɗaukar jariri ko tukunya ya zama aiki. Ba ya warkewa gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi da tausa da safar hannu mai matsewa, kuma bincike ya nuna ya fi kama matan baƙar fata. Haka ma lalacewar jijiyoyin yatsu da magungunan kimoterafi na dangin taksen ke jawowa: tafin ƙafa ya riƙa zugi kamar ana soka allura, yatsu su mutu har mace ta kasa ɓalla maɓallin riga ko yi wa 'yarta kitso. An daɗe ana ganin wannan ya fi tsanani ga baƙar fata, har yakan sa a rage musu magani kafin a kammala. Wani gwaji mai suna EAZ171, da aka yi shi da matan baƙar fata zalla aka kuma bayyana sakamakonsa a 2024, ya nuna cewa a cikin magungunan taksen, docetaxel bai kai paclitaxel lalata musu jijiyoyi ba. Magunguna irin su doxorubicin da trastuzumab kuma kan raunana zuciya, ga shi hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a wannan al'umma tun kafin sankarar ta zo.

Akwai kuma abubuwan da ake raina su, alhali su ne mace ke gani a madubi kowace safiya. Littattafan koyar da ma'aikatan jinya sun saba cewa fatar da aka yi wa radiyoterafi, wato gashin sankara da haske mai ƙarfi, ja take yi. Baƙar fata ba ta yin ja, duhu take ƙarawa, ta bushe, ta yi dabbare-dabbare, don haka sau da yawa ba a lura da ƙunar sai ta yi nisa. Tabon tiyata kan yi tudu ya yi ƙaiƙayi. An shekara da shekaru nonon roba da safar limfedima da ake sayarwa launin fatar Turawa kawai suke zuwa da shi, hular gashin da asibiti ke bayarwa kuma gashinta mai santsi ne wanda bai yi kama da nata ba. Hular sanyi da ake sanyawa don rage zubar gashi, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da ita a 2015, ba ta kama fatar kai sosai idan gashin mai cika da murɗewa ne. Wanda ya san matsayin kitso da gyaran gashi a rayuwar mace baƙar fata ba zai kira wannan ƙaramin abu ba.

Haihuwa da aure

A nan ne ƙuruciya ta fi ciwo. Kimoterafi na iya ɗauke haila na ɗan lokaci ko har abada, sai mace mai shekara 32 ta wayi gari da zafin jiki da gumin dare da bushewar gaba irin na mai shekara 50. Wadda sankararta ke jin sinadarin homon kuma za ta sha tamoxifen ko makamancinsa shekara 5 zuwa 10, kuma ba a ɗaukar ciki a kansa. Tun 2006 ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, ASCO, ta ce a tattauna batun adana ƙwai da mace kafin a fara magani. Sai dai daskarar da ƙwai kan ci dubban daloli, ba kowace inshora ke biya ba, kuma matan baƙar fata ba su cika samun wannan bayani a kan lokaci ba. Gwajin POSITIVE, wanda ya ƙunshi mata sama da 500 aka kuma sanar da sakamakonsa a ƙarshen 2022, ya kawo ɗan sauƙi: dakatar da maganin homon har zuwa shekara biyu don neman haihuwa bai ƙara dawowar cutar ba a shekarun farko da aka bibiya.

Maganar kwanciyar aure kuwa, likita bai cika tambaya ba, matar ma ba ta cika ɗagowa ba. Wadda ba ta yi aure ba tana da nata tunanin: yaushe za ta gaya wa mai nemanta, kuma me zai ce in ya ji?

Kuɗi da aiki

Matashiya ba ta kai shekarun inshorar tsofaffi ta Medicare ba, wadda ke farawa daga 65, kuma a Amurka inshorar yawancin mutane a jikin aikinsu take rataye. Dokar hutun jinya ta 1993 mako 12 kawai ta tanada, babu albashi, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Jihohin da suka ƙi faɗaɗa shirin Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, galibinsu a kudu suke, inda baƙar fata suka fi yawa. Binciken Karolina ya gano cewa shekara biyu bayan gano cutar, kashi 58 cikin 100 na matan baƙar fata sun ce ta taɓa musu tattalin arziki, a fararen fata kuma kashi 39. Matar da ita ce ke riƙe da gida, ga yara ga tsohuwa, idan ta rasa aiki ta rasa inshora, idan ta rasa inshora sai ta fara tsallake ganin likita ko ta raba ƙwayar magani biyu. Dokar 1998 ta wajabta wa kamfanonin inshora da ke biyan kuɗin cire nono su biya na sake gina shi, duk da haka matan baƙar fata ba su kai sauran samun wannan aiki ba.

Shiru da dauriya

A 2010 wata mai bincike, Cheryl Woods-Giscombé, ta bayyana wata ɗabi'a da aka raini matan baƙar fata na Amurka a kanta: mace ta nuna ƙarfi ko yaushe, ta danne damuwarta, kada ta nemi taimako, ta sa buƙatar kowa gaba da tata. Wannan dauriya ta raya gidaje da yawa, amma bayan sankara takan zama katanga. Ranar da aka gama magani, a asibitoci da dama mace kan kaɗa ƙararrawa, ma'aikata su tafa, dangi su yi murna. Daga ranar kowa ya ɗauka ta warke, sai a mayar mata da duk hidimar da ta ajiye. Ita kuwa ko ɗan ciwon baya ta ji sai gabanta ya faɗi, tana tsoron cutar ce ta dawo, ba ta kuma da wanda za ta faɗa wa. Ana ganin wannan shiru na daga cikin dalilan da ke sa takardun awo ba sa kama ainihin damuwarsu. Ga kuma rashin yarda da asibiti, wanda ke da tushe a tarihi: gwajin Tuskegee na 1932 zuwa 1972, inda aka bar maza baƙar fata masu ciwon tunjere ba magani, da ƙwayoyin jikin wata baƙar fata, Henrietta Lacks, da aka ɗiba don bincike a 1951 ba da saninta ba. Wuraren ibada da addu'a su ne madogarar da yawancinsu ke ambata da farko.

Ƙungiyoyi da dokoki

Matan da kansu suka fara toshe giɓin. Karen Eubanks Jackson ta kafa Sisters Network a Houston a 1994 bayan ta yi jinyar cutar. Maimah Karmo, haifaffiyar Laberiya da cutar ta kama tana da shekara 32, ta kafa Tigerlily Foundation domin matasa. A 2010 dokar EARLY, wadda 'yar majalisa Debbie Wasserman Schultz ta gabatar bayan tata jinyar, ta ɗora wa CDC aikin wayar da kan matasan mata da tallafa wa waɗanda suka tsira. A 2024 kwamitin ba da shawara kan rigakafi na Amurka ya mayar da shekarun fara hoton mama daga 50 zuwa 40, ya kuma ambaci yawan mutuwar matan baƙar fata cikin dalilansa.

Alaƙa da Afirka ta Yamma

Kakannin yawancin baƙar fatar Amurka daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, shi ya sa masana suka waiwayo gida neman asalin wannan sankara mai tsanani. Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Chicago, ta jagoranci nazarin da ya nuna cewa matan Nijeriya da Senegal kan kamu da ƙuruciya, kuma da nau'o'in da ba sa jin maganin homon. Lisa Newman, wata likitar tiyata ta Amurka, ta yi irin wannan aiki tare da asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi, inda ta tarar da mai rashi uku ta fi yawa a Gana fiye da Habasha. Bambancin shi ne a Nijeriya yawancin mata sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti, kuɗin magani kuma daga aljihun iyali yake fita. Ƙungiyar BRECAN, wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a Ibadan a 1997 bayan ta tsira daga cutar, tana cikin na farko da suka fara haɗa matan da suka rayu wuri ɗaya su yi magana a bainar jama'a.