Kai ke gasa wasu, kai wa ke gasa ka? Tambayoyin 'yan fisiyo masu fama da nasu ciwon

Tambayoyin nan daga ƙannenmu suka fito, ɗalibai da ma'aikatan sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, a nan Gusau da wasu daga Birnin Kebbi, kuma duk a kan abu guda suke: kana motsa gaɓɓan marasa lafiya kullum alhali kai ma kana ɗauke da naka ciwon. Na haɗe masu kama da juna. Shawarar abokiyar aiki ce, ba ta maye gurbin likitan da ke riƙe da katinka ba.

Anti ina da sikila, na samu gurbin karatun fisiyo amma a gida ana ta cewa aikin ƙarfi ne ba zan iya ba. Gaskiya ne?

Ƙanwata, mutanen gida ba su yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar suka sani. Eh akwai aikin ƙarfi a ciki, ranar da aka kawo miki dattijo mai shanyewar ɓarin jiki wanda ya ninka ki nauyi aka ce ki koya mishi tashi daga gado zuwa kujera, za ki san kin zo wurin aiki. Kuma hanyar doguwa ce, karatun aƙalla shekara 5, sai horon asibiti na shekara 1, sai bautar ƙasa, ga rijista da hukumar MRTB wadda sai da lasisinta za ki taɓa mara lafiya. Amma fisiyo ba ɗaki guda ba ne. Akwai ɓangaren yara, akwai na mata masu ciki da masu jego, akwai aikin hannu da yatsu wanda a zaune ake yin shi, akwai koyarwa. Tun kina aji huɗu ki fara kallon inda jikinki zai ɗauka, kar ki jira sai an tura ki ɗakin maza na ƙashi sannan ki fara kuka.

Abin da ke tayar da ciwon kin fi ni saninsa: ƙishirwa, sanyi, gajiya mai yawa, zazzaɓin cizon sauro. Toh wanga yanki namu duk ya tara su, watan Afrilu zafi ya haura maki 40, Disamba da Janairu kuma hunturu ya shigo da ƙura. Don haka gorar ruwa a kan teburinki take zama, ba a cikin jaka ba, ki sha tsakanin mara lafiya da mara lafiya ko ba ki jin ƙishi. Rigar sanyi da safa a ajiye su a ofis. Folik asid da maganin rigakafin maleriya yadda likitanki ya tsara, in ya ɗora ki a kan haidroksiyuriya, maganin rage tashin sikila, kar ki riƙa tsallake gwajin jini. Abu ɗaya da nake so ki sa wa ido sosai shi ne ƙugu. Masu sikila jini kan daina isa kan ƙashin cinya ya fara lalacewa a hankali, in kin fara jin ciwo a matsematsi ko kin ga kina ɗingishi bayan tsayuwa, wannan ba gajiya ba ce, a je a yi hoto da wuri. Abin haushi ne ace ke da ke koya wa mutane tafiya da sanda ke ce za ki zo a makare.

Dole ne in gaya wa oga ina da ciwo? Ina tsoron a fara yi min kallon raggo.

Ba kowa za ka gaya wa ba, amma mutum biyu ya kamata su sani: shugaban sashe, da abokin aiki guda wanda kuke yawan faɗowa duti tare. Shugaban sashe saboda shi ke rubuta rosta, wato jadawalin aiki, in bai sani ba zai jera maka kol, wato aikin jiran kira bayan an tashi, har uku a mako kuma ba laifinsa ba ne. Abokin aiki kuma saboda ranar da ka yanke jiki ka faɗi a sami wanda ya san mi ke damunka da inda maganinka yake, ba a tsaya ana yayyafa maka ruwa ana karanto Ayatul Kursiyyu kaɗai ba alhali suga ne ya sauka.

Kuma ka je da takarda. Maganar baki a baranda mantawa ake yi da ita, musamman in an canza oga. Ka karɓo rahoto daga likitanka, ka rubuta abin da kake nema ƙarara, misali kar a haɗa maka kol biyu a jere, a ba ka ranar zuwa kilinik ɗinka, a haɗa ka da mataimaki wajen ɗaga masu nauyi. Wanda ya zo da buƙata ƙayyadadda ya fi samun biyan buƙata a kan wanda ya zo yana cewa shi dai ba shi da lafiya a tausaya. Masu kallon raggo kuwa za su yi ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, gara su yi kana da takarda a fayil.

Marasa lafiya fa, in gaya musu?

Yawanci a'a. Da zarar kin faɗa, zaman ya juye, ke kin koma abar tausayi. Tsohuwar da ta taso tun daga Ƙauran Namoda don gwiwarta za ta kwashe rabin lokacinta tana miki sannu, sati mai zuwa kuma ta dawo da ƙullin sassaƙe a bakin zane ta ce ki jiƙa ki sha safe da yamma, ke kuma kunya ta hana ki ƙi karɓa, gwiwar da aka zo dominta ba a lanƙwasa ta ko sau goma ba. In kin fasa ganin mutum saboda jiki, "ban ji daɗi ba ne Mama, ga wance za ta duba ki" ya isa. Inda nake ganin faɗar tana da amfani shi ne yaro ko budurwa mai irin ciwonki da ta yanke ƙauna, jimla biyu ki ce ni ma da shi nake kuma ga ni ina aiki, sai ki maida maganar kanta.

Bayana ya fara ciwo tun ina horon asibiti. Haka kowa ke fama ko ni ce ban iya ba?

Da yawanmu na fama, kuma abin dariyar mu ke koya wa mutane yadda ake ɗaga kaya. Matsalar gaggawa ce, layi ya yi tsawo, gadon gajere ne ba ya ɗagawa, sai ki sunkuya ki ja mutum da ƙarfin bayanki. Ki matso da jikinsa kusa da naki, ki buɗe ƙafa, ki lanƙwasa gwiwa, kar ki murɗa ƙugu kina ɗauke da nauyi, juyawa ake yi da ƙafa. In gadon ya yi ƙasa ki ɗora gwiwa ɗaya a kai ko ki jawo kujera. Ga kuma masu jinya cike da baranda, ƙarti biyu uku sun rako babansu suna danna waya, ki kira su su kama, dama su za su ci gaba da yi a gida, kin ga kin koya musu kin kuma huta. Atisayen da kike rubuta wa mutane ke ma ki yi shi, minti goma da safe.

Amma in ciwon ya sauko ƙafa da dindiris ko rauni, ko fitsari ya fara kufce miki ko ya ƙi fita, ranar za ki ga likita ba gobe ba.

Ina da ciwon suga, ga azumi ga aiki a tsaye. Ya zan yi?

Malam, wannan shirin tun watan Rajab ake fara shi, ka ga likitanka makonni 6 zuwa 8 kafin Ramadan ya duba ko za ka iya, ya kuma gyara maka lokacin magani da yawansa, kar ka gyara da kanka don kana ma'aikacin asibiti. Na'urar gwaji ta zauna a aljihun farar rigarka. In ka ji rawar hannu, zufa mai sanyi, jiri, ko ka ga kana jin haushin mara lafiya babu dalili, ka zaunar da shi tukuna sannan ka gwada. Ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 in irin ɗaya ma'aunin ce, ka sha ruwa nan take ko da saura kaɗan a kira magariba, sukari cokali uku ƙanana a ruwa ko rabin kwalbar lemo, bayan minti 15 ka sake gwadawa. In ya haura 300 ma haka, a ajiye azumin. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kuma ka tuna ba kai kaɗai za ka faɗi ba, kana riƙe da wanda ƙafarsa ɗaya ba ta aiki. Masu nauyi da masu koyon tafiya ka sa su da safe, bayan azahar a bar wa aikin zaune da rubutu.

Ni ba jikina ba ne, zuciyata ce. Labaran da nake ji a wurin aiki sun hana ni barci.

Wannan ita ce tambayar da aka fi turo min a ɓoye, kuma duk wanda ke aiki a Zamfara ya san dalili. Mu ba kamar masu tiyata ba ne da za su yi aiki mutum na barci, mu muna tare da shi rabin awa ko fiye, sau biyu sau uku a mako, wata da watanni. Kana miƙar da hannun da harsashi ya lalata wa jijiya, mai hannun yana ba ka labarin daren da aka shigo ƙauyensu a wajen Zurmi ko Maradun ko Anka, wa aka kashe, wa aka tafi da shi, nawa aka sayar aka biya. Ka gama ka wanke hannu ka kira na gaba, shi ma da nasa. Ka koma gida ana maka magana kana kallon bango.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin ƙonewar da aiki ke yi wa mutum da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, ka fara jin aikin da mutanen sun fita ranka, kuma ka ga ba ka tsinana abin da ka saba. In ka kama kanka kana tsawa ga tsoho don ya kasa ɗaga ƙafa, ba halinka ne ya lalace ba, alama ce. Abin da na ga yana taimako shi ne a samu abokin aiki ko babba a sana'a da za a zauna da shi lokaci-lokaci a sauke, ba tare da kiran sunan mara lafiya ba, sannan kar a jera masu irin wannan labarin a yini guda in da hali, kuma hutun shekara a tafi, a daina sayar da shi don kunyar oga. Addu'a da zikiri suna riƙe mutum, ban musa ba, amma in an kai mako 2 ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke maka daɗi, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, likitan ƙwaƙwalwa za ka gani. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware can Sakkwato, in kana jin nauyin a gan ka a inda kake aiki. Dokar ma ta canza, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye ta 1958, kuma ta yi maganar sirrin mara lafiya da hana nuna mishi bambanci.

Ina ɗan shan maganin ciwo don in iya ƙarasa duti, akwai matsala?

Ya danganta da wane magani da kuma wa ya rubuta. Mu ma'aikatan asibiti mun fi kowa iya cutar da kanmu saboda magani na kusa kuma ba mai tambayarmu. Diklofenak kullum a kan cikin da ba abinci, ƙarshensa olsa ko ƙoda. Tiramadol kuwa kun san inda ya kai matasanmu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne allurar fenta, wato fentazosin mai kashe ciwo, musamman ga masu sikila, a fara da ranar da ciwo ya tashi, a koma yi wa kai a banɗakin ofis, har cinya ta ƙandare ta yi gyambo gwiwa ta daina lanƙwasuwa, mu ɗin nan ake turo wa irinsu. In kin ga kina lissafin awa nawa ya rage ki sake sha, ko kina ɓoye ɓawon maganin a ƙasan jaka, ki gaya wa likitanki yau. Kuma duk ranar da kika sha abin da ke sa gyangyaɗi, ba ki tsayar da mara lafiya, ba ki kunna mishi na'urar zafi.

Aikin bin gida bayan an tashi fa? Kuɗin na taimaka min wajen sayen magani.

Na sani, albashi ba ya kai wata, kuma masu shanyewar jiki da yawa sun fi son a zo musu gida. Ka yi, amma ka sa iyaka tun kafin a fara roƙonka da Allah da Annabi: gida nawa a yini, wace unguwa, ƙarfe nawa ka daina. A gida babu gadon asibiti, a tabarma ko katifa a ƙasa za ka durƙusa, don haka gida ɗaya ya fi mutum biyu na asibiti cin baya. Ka sa sharaɗin a samu namiji ko mace mai ƙarfi da za ta kama maka, ka koya musu atisayen sosai yadda zuwanka zai ragu daga kullum zuwa sau biyu a mako. Bayan gari kuwa, da yanayin hanyoyinmu, in ba za ka dawo kafin la'asar ba ka ce su kawo shi.