Waiwaye: Yadda Hanyar Santiago Ta Kusa Mutuwa, Ta Kuma Farfaɗo

A shekarar 2024, mutum kusan 500,000 ne suka karɓi takardar shaidar kammala tattakin ibada a birnin Santiago de Compostela, da ke yankin Galisiya a arewa maso yammacin Sifaniya, alhali a 1986 waɗanda suka karɓe ta ba su kai 2,500 ba. Reshen hanyar da ya fi shahara yana farawa daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa, ya haura duwatsun Pyrenees, ya ratsa Pamplona da Burgos da León, tafiyar kusan kilomita 800 wadda mai ƙafa kan ci cikin mako biyar.

Asalin lamarin kabari ne. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce Sarki Hirudus ya sa an kashe Yaƙubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajiran Yesu goma sha biyu, kuma labarin da Kiristocin Sifaniya suka gada shi ne cewa an ɗauko gawarsa daga ƙasar Falasɗinu a jirgin ruwa zuwa gaɓar Galisiya. A farkon ƙarni na 9, zamanin Sarki Alfonso na Biyu na Asturias, Bishop Teodomiro ya ayyana cewa wani tsohon kabari da aka gano a daji na Yaƙubu ne, sarkin kuwa ya sa aka gina coci a wurin. Kafin a kai tsakiyar ƙarni na 10 labari ya riga ya ƙetare duwatsu, domin Bishop Godescalc na Le Puy ya taso daga Faransa ya kai ziyara wajen shekarar 950. A 997 Al-Mansur, mai riƙe da ragamar daular Ƙurɗuba a Andalus, ya ci birnin da yaƙi, ya rushe cocin, ya kwashe ƙararrawoyinsa, amma bai taɓa kabarin ba. An fara ginin babbar majami'ar da ke tsaye a yau a 1075, aka keɓe ta a 1211.

Sai dai kabari shi kaɗai ba ya yin hanya, kuma wannan ne ɓangaren tarihin da na fi ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Mai tafiyar watanni yana buƙatar gada a kan kogi, da wurin kwana, da wanda zai yi jinyarsa idan ciwo ya kama shi, da kariya daga 'yan fashi. Wani bawan Allah mai suna Domingo, wanda ya rasu a 1109, ya ƙarar da rayuwarsa yana sharar daji, yana shimfiɗa hanya, ya gina gada da masaukin baƙi a yankin Rioja, kuma garin Santo Domingo de la Calzada sunansa ya ci. Garin Puente la Reina, inda rassan da suka fito daga Faransa suke haɗuwa, shi ma gadarsa ce ta ba shi suna. Wajen 1140 aka harhaɗa kundin Codex Calixtinus, wanda kashinsa na biyar ke lissafa wa matafiyi zangon da zai yada, da kogunan da ruwansu ke shayuwa da waɗanda ke kashe dawaki. Duk wanda kakanninsa suka taka zuwa Makka ta Chadi da Sudan ya san cewa doguwar tafiyar ibada tana rayuwa ne da mutanen zango masu karɓar baƙo.

Daga ƙarni na 16 hanyar ta fara dusashewa. Martin Luther da mabiyansa sun soki ziyarar kaburbura, yaƙe-yaƙe sun toshe hanyoyin Turai, sannan a 1589, saboda tsoron harin jiragen Francis Drake na Ingila, babban bishop ɗin birnin ya ɓoye ƙasusuwan, aka kuwa manta inda aka sa su har kusan shekara 300. Sai a 1879 aka tono su, Fafaroma Leo na 13 ya amince da su a 1884. Hakan bai dawo da masu tattaki ba, domin masaukai sun zama kufai, gonaki da titunan mota sun cinye sawun tsohuwar hanyar.

Wanda ya fi kowa hannu a farfaɗowar shi ne Elías Valiña, limamin cocin O Cebreiro, wani ɗan ƙauye a kan dutse a bakin Galisiya. Ya yi nazarin tsohuwar hanyar a karatunsa na digirin digirgir, sannan a shekarun 1980 ya ɗauki fenti rawaya ya bi duwatsu da bishiyoyi da bangaye yana zana kibiya, domin wanda bai san ƙasar ba ya iya tafiya ba tare da ɗan jagora ba. Ya rasu a 1989, kafin ya ga yawan jama'ar da za su bi kibansa. Hukumomi daga baya suka biyo: Fafaroma John Paul na Biyu ya je birnin a 1982 da 1989, ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe ta ayyana hanyar a matsayin hanyar al'adu ta farko a nahiyar a 1987, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1993. A shekarar ta 1993, wadda shekara ce mai tsarki saboda ranar Yaƙubu, 25 ga Yuli, ta faɗo a Lahadi, gwamnatin Galisiya ta buɗe masaukai ta kuma tallata hanyar, masu karɓar shaida suka kai kusan 100,000.

Matsalar yau ta cunkoso ce. Ƙa'idar majami'ar ita ce duk wanda ya taka aƙalla kilomita 100, ko ya yi 200 a keke, ya kuma nuna takardarsa da hatiman wuraren da ya ratsa, ya cancanci shaida. Saboda haka babu garin da ya kai Sarria yawan masu fara tafiya, don kawai yana ɗan gaba da kilomita 100 daga Santiago. A lokacin zafi mutane kan tashi tun da asuba suna rige-rigen gado, mazauna tsohon birnin na kukan hayaniya da tsadar haya, yayin da wasu ƙauyukan filayen Kastila, waɗanda hanyar ce ke riƙe da shagunansu, matafiya da yawa ba sa bi ta cikinsu ko kaɗan. Ban ga laifin dattijo ko marar lafiya da ƙarfinsa bai wuce kwana biyar ba, amma ƙa'idar da ta tara jama'a a ƙarshen hanya tana tauye masu hidimar tsakiyarta, kuma ya kamata a sake duba ta kafin shekara mai tsarki ta gaba, wato 2027.