Tsatsar ƙarfe da cire yuraniyom daga ruwa

Tsatsar ƙarfe, wato haɗuwar ƙarfe da iskar oksijin, tana cikin abubuwan da ake tsamo yuraniyom, ma'adinin da ake makamashin nukiliya da shi, daga gurɓataccen ruwa da su. Ita ce ke ba marmara da jar ƙasa launinsu, irin wadda ake zubawa a hanyoyin karkarar Maradi. Iri-iri ce: hematit, gotit, magnetit da ferihidirit. Na ƙarshen ya fi kama yuraniyom, domin ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, wurin mannewa a jikinsu da yawa.

Sai dai kamun ya danganta da halin ruwan. Idan ya yi tsami sosai, ƙasa da 4 a ma'aunin tsami da ake kira pH, tsatsar da narkakken yuraniyom suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, sai su ture juna. Wajen 6 zuwa 7 kamun ya fi ƙarfi. Daga 8 zuwa sama kuma ya ja baya, kuma kabonet ne sanadi.

Duk mai dafa wake ya san kabonet, don shi ne ƙarfin kanwa. Yakan kewaye yuraniyom ya riƙe shi cikin ruwa, ya hana shi zama a jikin tsatsa, shi ya sa wasu masu haƙar ma'adinai ke narkar da shi daga dutse da ruwan kabonet. In kalsiyom ya shigo, kamar a ruwan da ya ratsa farar ƙasa, abin ya ƙara wuya: su ukun sukan haɗu su zama ƙwaya marar caji, tsatsa ba ta da inda za ta kama ta. Fosfet kuwa, sinadarin da ke cikin takin zamani, sau da yawa tsatsar yake taimaka wa.

Batun ya shafi Nijar kai tsaye. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, an rufe ramin Akokan a 2021, tulin dattin ma'adinan kuma yana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar yuraniyom mikrogiram 30 (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace lita ta ruwan sha, saboda ƙoda yake fara taɓawa. Kuskure ne babba a kafa matata ba a auna pH, kabonet da kalsiyom na ruwan wurin ba.

Tsatsar da ta ƙoshi da yuraniyom ita ma sai an killace ta, domin da ruwan kanwa ya bi ta kanta za ta saki abin da ta kama.